Wata Uku Ana Maganin Taifot: Nazarin Lamarin Wata 'Yar Aji Uku a Kaduna

Gidan da unguwar

Yarinyar da wannan rubutu ya shafa tana da shekara 14 lokacin da abin ya same ta. Tana aji uku na ƙaramar sakandare a wata makarantar gwamnati da ke gefen garin Kaduna, ɓangaren ƙaramar hukumar Igabi. An sakaya sunanta da na unguwar da na duk wanda ya shiga maganar. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinta dako yake yi a kasuwa, mahaifiyarta kuma tana suyar awara a cikin gida.

Kuɗin makaranta bai taɓa zama damuwar gidan ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma tilas, jihar Kaduna ma ta ɗauke wa 'yan mata kuɗin sakandaren gwamnati tun 2018. Abin da ba kyauta ba shi ne cefane, da sabulu, da littafin rubutu, da takalmi. Waɗannan daga farantin awara suke fitowa. Da ta dawo makaranta da ƙarfe biyu take ɗauka, sau da yawa ba ta shigowa gida sai bayan isha'i, domin ƙa'idar gidan ita ce ba a dawowa da kwantai. Jihar ta hana bara da talla a tituna tun 2015, Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ita ma ta hana ɗora wa yaro talla, amma a unguwar ba wanda ya taɓa ganin an tare wata yarinya an ce ta sauke faranti.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowace ɗari ta 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19, goma sha tara sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A Legas ɗaya ce cikin ɗari, a Bauchi 41. A Arewa mafi yawansu a ɗakin aure suke. Na wannan yarinya irin wanda ake ɓoyewa ne.

Nuwamba zuwa Fabrairu: shiru

A kan hanyarta akwai wani mai shagon cajin waya, magidanci, ya haura talatin. Ya saba saye duk abin da ya rage a farantin idan dare ya yi, har mahaifiyar takan sa masa albarka daga nesa, tana cewa mutumin kirki ne. A farkon Nuwamba ya ce ta shigo ciki ta karɓi kuɗinta, ya rufe ƙofa, ya yi mata fyaɗe. Ya gaya mata in ta buɗe baki zai ce ita ta kawo kanta, kuma ta san abin da babanta zai yi mata. Ya sake sau biyu kafin ta sauya hanya. Ba ta gaya wa kowa ba.

Kwana uku na farko su ne suka fi kowane lokaci tsada a irin wannan lamari. Cikin awa 72 ana iya ba da maganin kariya daga cutar HIV, ana iya ba da maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, likita kuma na iya rubuta abin da ya gani tun shaida ba ta ɓace ba. Jihar na da cibiyoyin Salama da aka buɗe domin wannan aiki: a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, da asibitin Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada, da asibitin Gambo Sawaba a Zariya, da kuma na Kafanchan. A gidansu yarinyar ba wanda ya taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu da wannan aiki.

Daga Disamba ta fara amai da kasala. Aka kai ta kemis, mai kemis ya ce taifot ne da maleriya, ya haɗa magani. Sau uku ana maimaita wannan tsakanin Disamba da Fabrairu, bai taɓa tambayar yaushe ta ga al'adarta ta ƙarshe ba, mahaifiyar ma abin bai zo mata a rai ba. Malamar ajinsu ta lura tana barci a aji, ta ɗauka gajiyar talla ce. A ƙarshen Fabrairu wata tsohuwa maƙwabciya ta ja mahaifiyar gefe ta ce, "Ki duba 'yarki da kyau, wannan ba taifot ba ne." Tsinken gwaji na kemis ya tabbatar.

Maris: jiƙo

Mako biyu mahaifiyar ta ɓoye wa mijinta. A cikinsu ta kai yarinyar wurin wata mata da ta ba su jiƙon saiwoyi, da bai yi ba aka nemo ƙwayoyi a wani kemis ɗin daban, ba tare da likita ba. A lokacin cikin ya kai kusan mako ashirin. Yarinyar ta yi kwana uku tana zubar da jini da murɗar mara, cikin bai fita ba. Ba a kai ta asibiti ba, saboda tsoro: dokar Penal Code da ke aiki a Arewa ba ta yarda a zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, suna ganin da sun je asiri zai tonu kuma a kama su. Jinin ya tsaya da kansa, amma ta rame, ta yi fari fat.

Jinin ne ya sa mahaifin ya gane. Ya doke ta, ya hana ta fita, ya ce uwarta ce ta lalata ta da talla, har ya ambaci saki. Sai bayan kwana biyu aka tambaye ta wane ne. Makaranta kuwa an aika cewa ba ta da lafiya.

Afrilu: zaman sasanci

Maganar ta je zauren mai unguwa. Waɗanda suka zauna su ne mahaifin da ƙanensa, da yayan mai shagon, da limamin unguwa, da dattawa biyu. Ba a kira yarinyar ba, ba a kira mahaifiyarta ba. Mai shagon bai musa ba a wannan zama, sai dai ya ce da yardarta, kuma ai ta kai sha bakwai. Danginsa suka kawo abu biyu: naira dubu 200 na "kula da ita", da kuma a ɗaura masa aure da ita ta shiga ta biyu, asiri ya rufu.

A nan dokar jiha ta shigo zauren, amma ta bayan gida. A Satumbar 2020 Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran dokar Penal Code ta Kaduna: wanda ya yi wa yarinyar da ba ta kai 14 ba fyaɗe, a dandaƙe shi sannan a kashe, in ta haura 14, a dandaƙe shi a yi masa ɗaurin rai da rai. Kowa a zauren ya san da wannan hukunci, rediyo ta yaɗa shi sosai. Yayan mai shagon ya juya ya ce wa mahaifin, "Malam, shekara nawa muna sahu ɗaya. So kake a dandaƙe maƙwabcinka, a bar 'ya'yansa marayu da ransa?" Mahaifin ya sunkuyar da kai. Mutum ne mai dako, su kuwa masu shago ne, kuma a gidan haya yake.

Liman ne ya rushe maganar auren. Ya ce a mazhabar Malikiyya ba a ɗaura wa mace mai irin wannan ciki aure sai ta haife, ko da wanda ya yi cikin ne zai aura. Ya ƙara da cewa wadda aka tilasta ba ta da zunubi, abin da ke cikinta ma ba shi da laifin kowa a kansa. Kuɗin da Shari'a ke ɗora wa wanda ya yi fyaɗe, in ji shi, haƙƙin yarinyar ne, ba ya goge hukunci. Bai kai ga cewa a je wurin hukuma ba. Aka tashi a kan an karɓi rabin kuɗin, za a kai yarinyar ƙauye wurin kakarta ta haihu a can, in ta yaye a sake duba zancen aure.

Bayan mako guda mai shagon ya buɗe shagonsa. 'Yan talla suka ci gaba da tsayawa a ƙofarsa.

Mayu: zuwan gwaggo

Ƙauyen tafiyar awa biyu ne daga Kaduna. Ta yi mako biyar a can ba awo, ba maganin ƙarin jini, tana ɗaki ba ta fita don kada a gani.

Yayar mahaifin, wadda yaran ke kira Gwaggo, ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa. A gidan suna ta tsinci zancen. Washegari ta hau mota zuwa ƙauyen, ta tarar ƙafafun yarinyar sun kumbura, cikin idonta ba jini. Ta taho da ita a ranar, ta wuce da ita gidanta, sannan ta kira ƙanenta. Ya ce, "Yaya, an riga an gama magana a gaban manya." Ta ce, "Manyan nan wa ya duba idonta a cikinsu? In ta mutu a ɗakin Inna, mai unguwa ne zai amsa tambaya ko kai?" Ta ce ya kawo kuɗin da ya karɓa. Ya riga ya taɓa wani abu a ciki, ita ta cika, aka mayar ta hannun liman a gaban shaidu. Wannan mayarwa ta yi amfani daga baya, domin lauyan wanda ake tuhuma ya so ya nuna cewa kuɗi iyalin ke nema.

Gwaggo ta kai ta cibiyar Salama. Hoton ciki ya nuna mako 28. Jininta ya sauka zuwa 24 a ma'aunin PCV, wato ƙarancin jini sosai ga mai ciki. Gwajin HIV ya fito lafiya. Aka ɗora ta a kan maganin ƙarin jini, aka haɗa ta da mai ba da shawara, wadda ita ce mutum ta farko da ta zauna ta saurari labarin daga bakinta tun daga farko har ƙarshe, wata shida bayan faruwarsa. Daga nan aka shigar da rahoto wurin 'yan sanda, jami'ar walwala ta ma'aikatar jin daɗin jama'a ta jiha ta shiga maganar.

Shekarunta suka zama abin jayayya. Ba ta da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, a gida aka haife ta. Abin da ya raba gardama shi ne tsohon katin rigakafi da mahaifiyar ta adana a ƙasan akwati, da rajistar makarantar firamare. Duka biyun sun nuna shekararta 14 da 'yan watanni a Nuwamban. Aka kama mai shagon, kotun majistare ta tura shi gidan gyaran hali, aka aika fayil ma'aikatar shari'a don neman shawarar lauyoyin gwamnati, tunda laifi mai irin wannan hukunci babbar kotu ce ke sauraronsa.

Unguwa ta juya wa gidan baya. Cinikin awara ya faɗi, wasu mata suka daina gaisawa da mahaifiyar, ana cewa Gwaggo ta tona asirin da manya suka rufe.

Yuni da Yuli: awo da haihuwa

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas kafin haihuwa. Ita sau huɗu ta samu. Hukumar ta kuma bayyana cewa masu ciki 'yan ƙasa da shekara ashirin sun fi fuskantar jijjiga da cututtukan bayan haihuwa, jariransu kuma sun fi zuwa bakwaini ko da ƙarancin nauyi. A awo na uku aka ga ta fara hawan jini. A farkon Yuli, ciki na mako 36, ta tashi da ciwon kai mai tsanani tana gani dishi-dishi. Gwaggo ta auna ta a gida: 160 bisa 110. Cikin awa guda suna babban asibiti. Aka yi mata allurar hana jijjiga, aka yi tiyata a daren, aka ciro 'ya mace mai nauyin kilo 2.2. An ƙara mata jini leda biyu. Baffanta ya ba da ɗaya, wani almajirin liman ya ba da ɗaya.

Da wannan dare a ƙauye ya same ta, abin da ke gabanta jijjiga ce ba mai allura kusa, ko doguwar naƙuda a ƙugun da bai gama girma ba, wadda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari.

An yi ta ja-in-ja a kan ko za a yi suna. Liman ya zo da kansa gidan Gwaggo ranar bakwai ya yi wa jaririyar huɗuba, ya raɗa suna, mutum biyar a tsakar gida. Mahaifin bai zo ba. Ya zo ranar arba'in. An yi wa jaririyar rajistar haihuwa kafin ta cika wata biyu.

Janairu zuwa gaba: aji da faranti

Jarrabawar kammala aji uku ta wuce ta tana kwance. Da aka je tsohuwar makarantarta a Satumba, ba a nuna wata doka da ta hana ta komawa ba, sai dai aka ce iyayen sauran yara za su yi magana, a ɗan jira. Aka jira zango guda, ba abin da ya sauya. A Janairu jami'ar walwala ta samo mata gurbi a wata makaranta kusa da gidan Gwaggo, inda ba a san ta ba, ta maimaita aji uku. Tana shayarwa kafin ta fita da bayan ta dawo, da rana jaririyar na hannun surukar Gwaggo. Ta zauna jarrabawar a tsakiyar shekara, ta ci.

A gidansu kuwa tambayar ita ce ƙannenta mata biyu, mai 11 da mai 9, waɗanda farantin ya koma kansu. Matan Islamiyyar da mahaifiyar ke zuwa suka ba ta ɗibar farko a adashinsu. Ta ƙara jari, ta koma kai awara a dunƙule wa masu shayi biyu, babban ɗanta namiji ke kaiwa. Ribar ba ta kai ta talla ba, amma yaran sun daina fita bayan la'asar.

Abin da ya sauya unguwar ya zo ne a ɓoye. Wata uwa ta sami Gwaggo da dare ta ce 'yarta mai shekara 12 ma mutumin ya taɓa ta, a makonnin da suka biyo bayan zaman sasanci, lokacin da ya sake buɗe shago. An kai yarinyar an duba ta, amma iyayen sun ƙi zuwa kotu. Labarin ya isa kunnen mai unguwa. Ya tara dattawa ya ce daga ranar ba a ƙara kawo masa maganar fyaɗe don sasanci, kuma ba yarinyar da za a gani da faranti bayan magariba. Liman ya maimaita a huɗubar Juma'a, 'yan sintiri suka riƙa mayar da yara gida. Hanin tallan dare ya yi ƙarfi na 'yan watanni, sannan ya sassauta da tsadar abinci ta ƙaru. Na sasancin har yanzu yana nan.

Shari'ar

Shawarar lauyoyin gwamnati ta ɗauki watanni kafin ta fito, sannan aka shigar da ƙara a babbar kotu. An ɗage zama sau da dama. Ɗaya daga cikin dattawan da suka ji mai shagon ya amsa a zaure ya ce ba zai ba da shaida ba, liman ya ce zai bayar. Ba a yi gwajin DNA ba, iyalin ba su da kuɗinsa. Abin da ke gaban kotu shi ne bayanin yarinyar, da rahoton likita, da katin rigakafi, da shaidar liman. An ba da belin wanda ake tuhuma, ya bar unguwar, shagon na hannun wani.

Abin da ya yi aiki, da dalili

Dokokin da ake bukata duk suna nan kafin a taɓa yarinyar nan. Kaduna ta yi dokarta ta kare yara a 2018, ta yi ta hana cin zarafin mutane a shekarar, ta tsananta hukuncin fyaɗe a 2020, ta buɗe cibiyoyin Salama. Wata shida ba ɗaya daga cikinsu da ta amfane ta, saboda kowace na jiran a kawo mata yarinyar, kuma duk waɗanda za su kawo ta suna da dalilin yin shiru. A ganina tsananin hukuncin 2020 ya ƙara wa wannan shiru nauyi. Ban ce laifin bai cancanci hukunci mai tsanani ba. Amma a unguwar da mai laifi da uban yarinya ke sallah a sahu ɗaya, kalmar dandaƙa ta zama abin da dangin mai laifi ke tsorata talaka da shi. Shari'a mai sauri, wadda za a ga ƙarshenta cikin shekara, da ta fi tsoratar da irin mai shagon nan.

Sasancin ya gaza ne domin abin da aka zauna gyarawa sunan gidaje biyu ne. Lafiyar yarinyar ba ta cikin abin da aka tattauna, kuma barin mutumin a shagonsa ya jawo wa wata 'yar shekara 12 abin da ya jawo. Ina ganin alhakin wannan na wuyan duk wanda ya zauna a zauren, har da waɗanda suka yi da kyakkyawar niyya. Liman ya tsaya a rabin hanya a Afrilu, amma rabin da ya tsaya a kai shi ya hana a miƙa ta ga wanda ya cuce ta, kuma maganarsa ce ta ba mahaifin fuskar karɓar jikarsa.

Gwaggo ta yi nasara ne domin ta haɗa abu uku da ba kasafai ake samunsu wurin mutum ɗaya ba: ta san alamun haɗari, ta san ƙofar da ake bugawa, kuma tana gaba da mahaifin, ba ya iya ce mata ta fita daga maganar gidansa. Gidaje da yawa ba su da irinta. Shi ya sa wurin da na fi ganin an yi asara shi ne kemis. Sau uku yarinya 'yar 14 ta tsaya a gabansa tana amai. Mai kemis, da malamar aji, da malamar Islamiyya su ne ke ganin yaran nan kullum, su ya kamata a fara koya wa tambayar da za su yi da kuma inda cibiyar Salama mafi kusa take.

Yanzu tana aji ɗaya na babbar sakandare, har yanzu a gidan Gwaggo take, 'yarta ta fara tafiya. Mahaifin ya janye maganar aurar da ita har ta gama. Iyayen yarinya ta biyu ba su sauya ra'ayi ba, kuma liman bai riga ya hau akwatin shaida ba, an ɗage zaman zuwa bayan hutun kotu.